Jan Tsumma a Kan Dutse

Ni Haruna, wanda duk ƙauyenmu ke kira Rediyo, na zauna rubuta tarihin rayuwata tun ban gama sakandare ba, saboda na lura tsofaffin da ke jira sai gemu ya yi fari kafin su fara, rabin labarin ya riga ya zube musu tare da haƙora. Wannan babin na ƙannena ne, da 'ya'yan da zan haifa in Allah ya kai mu, don kada su ji labarin hawan dutse daga bakin Inna. In Inna ce ke bayarwa, ni na ja kowa, ni na hau, ni na sauko, saura kaɗan ta ce ni na cinye waken Baba da bakina. To ga yadda aka yi, gwargwadon abin da na gane, don har yau akwai wuraren da kaina bai kama ba.

Kakar bara ce. An yanke gero an ɗaure, dawa tana tsaye ta fi kowa tsawo, wake yana kwance a gona bai gama bushewa ba. Ƙauyenmu yana yankin Wurma, kuma a bayan gari, daidai inda gonaki suka ƙare, akwai wani dutse da muka tashi muna gani kamar yadda mutum ke ganin hancinsa: kullum yana nan, ba wanda ya taɓa tunanin ziyartarsa. Rugar su Buba tana gefen gonarmu tun kafin a haife mu. Ni da Buba benci ɗaya muke a makaranta a Kurfi, shi ke yi mini lissafi, ni nake yi masa surutu. Bafulatani ne, amma Fulatancinsa bai wuce na yi wa saniya tsawa ba. A shekarar nan mahaifinsa, Malam Bello, ya yi masa sharaɗi a gaban kowa: in ya riƙe shanu ranakun da babu makaranta har kaka ta wuce ba a kawo ƙara ko ɗaya ba, za a bar shi a gida ya ci gaba da karatu idan garke ya tafi kudu cin rani. In kuwa aka kawo ƙara, sai ya ajiye jaka ya ɗauki sanda. Buba ya riƙe sharaɗin nan kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Ko akuyar wani ya gani kusa da gona sai ya kore ta, wai kada a ce saniya ce ta rame.

Ana haka sai ga Nazifi daga Dutsin-Ma. Nazifi ɗan Gwaggo Hajara ne, ƙanwar Baba, wato taubashina. Ku da ba ku girma ba tukuna, ku sani tsakanin taubasai babu laifi: in na tsaya a tsakiyar kasuwa na ce Nazifi ya saci jaki ya ɓoye a aljihu, dariya za a yi, shi ma ya rama. Haka muka tashi. Ya zo da farin takalmi, da waya mai ido uku a baya, da wani tunani da ya kwaso a gari, wai mutane suna hawa dutse haka kawai, su ɗauki hoto su sauko.

Inna tana tankaɗe ta ɗago kai.

“Dutse? Mi ya ɓace maku a can?”

“Ba komai, Inna. Shan iska ne.”

“Iskar ƙasa ta ƙare ne?”

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai ce kada mu wuce inda ake jin kiran salla. A wurina wannan izini ne har da hatimi. Matsalar Buba ce, don ranar Asabar ce kuma kiwo nasa ne. Na ce masa dutsen nan ba ya gudu, mu bari sai wani lokaci, amma ban faɗa da ƙarfi ba. Nazifi ya nuna masa hotunan wasu samari a kan wani dutse sun ɗaga hannu kamar sun ci yaƙi. Buba ya daɗe yana kallo. Daga nan ya je wurin kakansa, wanda kowa ke kira Baffa, tsohon da ya yi kiwo tun shanu ba su san mota ba, sai dai idonsa ya yi rauni, in ka gaishe shi sai ya amsa wa bishiyar da ke bayanka.

Buba ya roƙe shi ya riƙe masa shanun. Baffa ya ce, “Je ka, ɗan nan. Kafin azahar dai. Ni da shanun nan ba yau muka saba ba.”

Muka kama hanya da hantsi, da gorar fura da dafaffiyar gyaɗa a leda. Ni da Buba muna gaba muna gardama, Nazifi yana baya yana tsince ƙarangiya daga safarsa yana tsine wa ƙauye. Da ya iso mu a gindin dutse sai muka ga ya samo wata doguwar sanda yana dogarawa kamar limami. Ba wanda ya tambaye shi. Sanda a ƙauye ai ba labari ba ce.

Hawan kansa ba zan ɓoye muku ba, na sha wuya, amma cikin jarumtaka. Daga ƙasa dutsen kamar tulu yake, sumul, ka ce da gudu za ka hau. Da muka fara sai ya riƙa haihuwar wasu duwatsun. Ka hau wannan ka ce an iso, sai ka ga yayansa a bayansa yana jiran ka. Rana ta gasa shi har tafin hannuna ya fara ƙanshin tsire. Wani ƙadangare da ya kai ɗan maraƙi girma ya tsaya yana gyaɗa mini kai, kamar yana cewa ya san Baba kuma zai gaya masa. Farin takalmin Nazifi ya riƙa zamewa, ya koma rarrafe, waya a baki. Buba kuwa da silifas ɗinsa tsalle kawai yake yi daga nan zuwa can.

Ya waiwayo ya ce, “Kaɗo, ko in goya ka?”

“Goya saniyarku. Ni numfashi nake ajiyewa saboda saukowa.”

Da muka kai ƙoli sai duk muka yi shiru, har ni, wanda hakan bai taɓa faruwa ba tun ranar suna. Ƙasa ta baje a gabanmu kamar an shanya zannuwa: nan ruwan ƙasa inda aka yanke gero, nan kore, nan ja-ja inda dawa ta nuna. Iska tana kaɗawa mai sanyi, ashe Inna ba ta san komai ba, iskar sama daban ce. Sai dai fa ban gane ko'ina ba. Ƙauyen da na sani kamar tafin hannuna ya koma kamar an zubar da ashana. Can nesa wani abu yana ƙyalli. Nazifi ya rantse ruwan madatsar Zobe ne, Buba ya ce kwanon rufin wani ne, ni na ce teku ce, tunda ba wanda zai je ya duba. Muka nemi gabas muka samu guda uku, kowa da tasa. Muka zauna muka sha fura muka ci gyaɗa, Buba yana ta duban rana yana cewa saura kaɗan mu sauka, amma fuskarsa tana dariya. Ban taɓa ganin sa cikin jin daɗi haka ba.

Sai Nazifi ya miƙe ya ce lokacin hoto ya yi, kuma ba a hoton dutse sai da tuta. Ya sa hannu a aljihu ya zaro wani jan tsumma, ya ɗaura a kan sandarsa, ya cusa ta a tsagar dutse. Tsumman ya fara kaɗawa. Ni har na gyara tsayuwa na ɗaga hannu. Buba ya ajiye gora a hankali.

“Nazifi, ina ka samo wanga?”

“A hanya. Wani ya kafa a bakin gona ya manta.”

“Wace gona?”

“Gona dai. Mai ganye.”

Ni da Buba muka dubi juna. Abin da kowane yaro a ƙauyenmu ya sani, ɗan birni bai sani ba, shi ne wannan: da kaka, tsakanin manoma da su Malam Bello ba a doguwar magana. Gonar da ba a gama kwashe amfaninta ba, mai ita yana kafa sanda da jan tsumma a bakinta. Ranar da ya cire, ya saki gonar ke nan, shanu su shiga su ci kara da ganye su bar masa taki. Kuma dalilin da ya sa ja ne, ba fari ko baƙi ba, saboda Baffa ne. Ja kaɗai yake hangowa daga nesa.

Muka ruga bakin dutse muka leƙa. Can ƙasa, cikin wani koren fili, ga wasu fararen ɗigo-ɗigo suna motsi a hankali kamar ƙwarƙwata a kan ɗan kwali.

Buba ya ce, “Namu ne.”

Na ce, “Tumaki ne.”

“Tumaki da ƙaho haka?”

“To ba gonarmu ba ce. Tamu tana da gawo a tsakiya.”

“Ga gawo can.”

“Wancan ma gawo ne. Da wancan.”

Wallahi daga sama kowace bishiya hula ce kawai. Gonar da nake nomawa tun ina tsawon fartanya, na kasa nuna ta. Nazifi ya ce a kwantar da hankali zai jawo hoton kusa da waya. Ya jawo, ya jawo, muka haɗa kai muka duba, muka ga wani abu fari mai kama da gajimare ko farar riga ko hancin Nazifi. Kafin mu ɗago, Buba ya riga ya fara sauka.

Saukowar nan ita ce abin da har yau ban gane ba. Ta inda muka hau muka sauka, na rantse, amma dutsen ya juya mana baya. Muka faɗo cikin wata gonar dawa da ban taɓa gani ba, karan ya rufe mu, ba gaba ba baya, sama kawai ake gani. Buba ya ce dama, na ce hagu, Nazifi ya ce wayarsa ta ce muna tsakiyar wani fili marar suna. Ganyen dawa ya yanka mana fuska. Muka ji kukan saniya muka bi, muka tarar da jaki. Muka ji kiran salla muka bi, sai Buba ya tsaya ya ce wannan ba muryar ladaninmu ba ce, namu yana da tari a tsakiya. Muka juya. Takalmin Nazifi ɗaya ya maƙale a taɓo ya bar shi. Duk wannan lokacin Buba bai zagi kowa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Yana tafe yana cewa a hankali, “Wataƙila an cire waken. Wataƙila jiya aka cire.” Ni kuwa na san ba a cire ba, don ni aka ce in cire ranar Litinin.

Da muka fito fili, gonarmu ce. An riga an kore shanun, suna tsaye a gefe suna tuƙa, ko kunya babu. Gefe guda na waken an share shi tas kamar an yi wa gona aski. Baba yana tsaye ya harɗe hannu a baya. Malam Bello yana tsaye da sandarsa a kafaɗa. Baffa yana zaune a kan kunyar gona, yana ta faɗin magana ɗaya.

“Ban ga ja ba. Na duba, na sake dubawa. Ban ga ja ba.”

Baba ya ce, “Baffa, da hannuna na kafa shi. Yau da asuba ma na gan shi.”

Ba wanda ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi faɗa muni. Baba ba zai ce tsoho ya yi ƙarya ba. Malam Bello ba zai ce maƙwabcinsa bai kafa alama ba. Maganar ta tsaya a tsakiya kamar kaza a kan igiya, kowa yana kallon ramin da sandar ta bari. Sai Malam Bello ya juyo ya dubi Buba, tun daga ƙafa har kai.

Na dubi Nazifi. Yana tsaye da takalmi ɗaya, ya sunkuyar da kai. Baƙonmu ne, ɗan ƙanwar Baba, kuma a gidanmu ba a kunyata baƙo ko da ya ƙona rumbu. Na dubi Buba. Na ce a raina, Haruna, yau dai bakin nan naka zai yi amfani.

“Baba, Nazifi ne ya tuge sandar. Tana kan dutse yanzu haka, ya yi tuta da ita.”

Wani maƙwabcinmu da ya zo kallo ya fashe da dariya. Baba ya juyo da ido ja.

“Kai Rediyo! Wasan taubasai har a nan? Manya na magana?”

“Wallahi Baba da gaske nake.”

“Da gaske kake ranar da ka ce ya haɗiye agogon Gwaggonka.”

“Wannan daban!”

“Rufe mani baki.”

Kun ji fa. Tun da aka haife ni ban taɓa faɗin magana tsirara ba gishiri irin ta ranar ba, kuma ita ce kaɗai aka ƙi saya. Na juya ga Buba na ce ya faɗa musu, ai ya gani. Buba ya kawar da kai. Daga baya ya gaya mini cewa a gidansu yaro ba ya kare kansa a gaban mahaifinsa, ko da shi ke da gaskiya. To ni ina zan san wannan? Ni a gidanmu kare kai shi ne babban aikina. Na nuna dutse na ce kowa ya duba, ga jan abu can yana kaɗawa. Kowa ya duba. Daga ƙasa ba a ganin komai sai dutse. Baffa ma ya ɗaga kai ya duba, ta wajen da babu dutsen.

Malam Bello ya gyara murya ya fara cewa shi zai ɗauki ɓarnar, tsoho ya tsufa, laifin gidansa ne. A nan ne Nazifi ya fashe da kuka, irin kukan birni mai sauti.

“Kawu, ni ne. Na ɗauka ba ta kowa ba ce. Ga hoton ma.”

Ya miƙa waya. Ga ni nan a tsaye na ɗaga hannu ina washe baki, jan tsumman Baba yana kaɗawa a bayana. Ashe ya riga ya danna kafin Buba ya yi tambaya. Baba ya daɗe yana kallon hoton, ya dube ni, ya sake kallon hoton. Ban san dalili ba, amma na ji kamar ni hoton ya fi kamawa.

Baba ya tafi ya durƙusa a gaban Baffa ya ce ya yafe masa, idonsa lafiya lau, ɗan gidansa ne ya cire alama. Ya ce wa Malam Bello babu ɓarna, babu ƙara, abin da shanu suka ci sun ci rabonsu, a bar maganar a nan. Suka yi musabaha. Na matsa kusa da Buba na zungure shi da gwiwar hannu na ce, “Ka gani? Ba a kawo ƙara ba.” Bai zungure ni ba.

Malam Bello ya ce, “Maganar gona ta mutu, Malam, na gode. Maganar gidana kuma daban.” Ya juya ga Buba. “Wa na ba shanu da safe?”

“Ni ne, Baba.”

“Wa na tarar da su?”

Buba ya sunkuyar da kai.

“In da kai ne a nan, da tsumma ko ba tsumma, kana da idon ganin wake.”

Da yamma na bi Baba har bakin masallaci ina roƙo ya je ya yi magana. Ya je, don Baba ba mugu ba ne, ya dawo ya ce mutum ba ya shiga tsakanin uba da ɗansa fiye da sau ɗaya. Na je wurin Inna na ce ta bayyana mini: Nazifi ya tuge sanda, an ce bai sani ba. Baffa ya saki shanu, an ce bai gani ba. Shanu sun ci wake, an ce rabonsu ne. Buba da bai taɓa komai ba, shi zai tafi. Kuma wanda aka ce bai iya kiwo ba, hukuncinsa shi ne a ƙara masa kiwo?

Inna ta ce, “Wanda ya iya ake bari ya huta. Kai dai da ka zauna gida da duk ba a yi haka ba.”

Na ce ai ba ni na kawo maganar dutse ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri. Nazifi kuwa an sa shi a mota washegari da takalmin Baba na zuwa gona, Gwaggo Hajara ta aiko da gaisuwa da ban haƙuri da lemo. Lemon ni na sha, amma ba da daɗin rai ba.

Da aka gama kwashe dawa garke ya tashi. Na fita da safe na tarar an ɗaure kaya a kan jakuna, Buba ya sa malafa ya rataya gora, ya saɓa sanda a kafaɗa kamar mahaifinsa. Na shirya maganganu masu yawa a hanya, har da wata mai sa kuka, amma da na iso duk suka watse.

Na ce, “Yaushe za ku dawo?”

“In ciyawa ta fito.”

“Jarrabawa fa? Kafin ruwa za a yi ta.”

Ya ɗaga kafaɗa. Na ce zan je in sake yi wa Malam Bello bayani tun daga farko, a hankali, wataƙila bai gane ba ne. Buba ya ce mahaifinsa ya gane sarai, ni ne ban gane ba. Na ce to shi ya gane? Ya yi ɗan tunani ya ce a'a.

Shanu suka fara motsi. Ya yi taku kaɗan ya waiwayo.

“Kaɗo, abin nan mai ƙyalli da muka hango.”

“Teku?”

“Ta wajen za mu bi. In na dawo zan gaya maka ko mene ne.”

Ranar Litinin malamin lissafi ya kira sunan Buba. Ya sake kira, ya dube ni, don ya san bakina ba ya rasa amsa. Na buɗe baki, na rufe. Ya ja layi ya wuce suna na gaba.